Garejin da ya ƙi tayar mini da mota sai da mai ya zagaya injin

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2004, kuma ta kai matsayin da take shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, har ya zama dole a sauke injin a canza ringi da metal, wato ƙarafan da sandar injin take juyawa a kansu. Na kai ta wani gareji da ke kusa da Kwangila a Zariya, wanda wani abokin aikina a Samaru ya yi mini kwatancensa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda maigidan garejin ya bi da famfon baƙin mai a ranar da aka gama haɗa injin, domin a nan ne aikin kwanaki yake iya lalacewa cikin minti guda.

Na isa garejin da hantsi ina ɗokin in ji ƙarar motata, sai na tarar an ɗora injin amma fulogi huɗun suna jere a kan wani tsumma mai tsabta. Na ce, "Malam, ba a gama ba ne?" Ya ce, "Alhaji, an gama, amma ba zan ba ta wuta ba sai na ga mai ya hau." Ya yi mini bayani cewa duk injin da aka wanke aka sake haɗawa, hanyoyin da mai yake bi a cikinsa iska ce zalla a ciki, kuma famfon da ya bushe ba ya saurin zuƙo mai daga ƙasan inji. Idan aka tayar da shi a haka, ƙarfe zai goga ƙarfe na wasu daƙiƙu, sabon metal ɗin da aka saya da tsada ya ƙarje tun kafin motar ta bar gareji. Maganar ta shige ni, domin na taɓa ganin motar maƙwabcina da aka yi wa irin wannan gyara a wani wuri, yaron gareji ya tayar da ita ya taka totur, ba ta cika wata biyu ba injin ya buga.

Tun lokacin haɗawa, in ji shi, ya cika cikin famfon da mai kuma ya juya shi da hannu, ya shafe kowane metal kafin ya ɗaure, domin famfon wannan injin a bakin karanshaf yake, wato babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji, babu yadda za a juya shi shi kaɗai bayan an rufe. Sauran kuwa a gabana aka yi. Ya tsiyaya mai a sabuwar filta a hankali har takardar cikinta ta jiƙe, ya shafa ɗan kaɗan a robar bakinta, ya ɗaura ta da hannu. Ya zuba kusan lita 4 a injin, ya cire fiyus ɗin da ke ba injin fetur, sannan ya sa yaronsa ya murza makulli. Da yake babu fulogi, injin yana juyawa sakayau ba tare da nauyi a kan metal ba. Daƙiƙa 10 zuwa 15 yake bari a murza, sai a dakata domin kada kik, wato na'urar da ke juya inji idan an murza makulli, ya yi zafi. A karo na uku jar fitilar mai ta mutu.

Ni a nan na ɗauka an gama, amma shi bai gamsu da fitila ba, domin ƙarfin mai kaɗan ya isa ya kashe ta. Ya kwance na'urar da ke kunna fitilar, ya ɗaura agogon auna ƙarfin mai a gurbinta, ya sake sa a murza har allurar ta ɗaga. Ya buɗe murfin da ake zuba mai, ya haska tocila, ya ce in leƙa. Na ga mai yana ƙyalli a saman injin, alamar ya kai har ƙarshen hanyarsa. Sai a lokacin ya mayar da fulogi da fiyus. Motar ta tashi ba tare da ƙarar ƙarfe ba, kuma ya hana kowa taɓa totur, ya bar ta tana aiki a hankali yana duba ko akwai yoyo.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. An yi mini alkawarin kwana biyar, aikin ya kai kwana tara, kuma sai da na matsa kafin a rubuta mini kayan da aka saya da kuɗinsu. Haka nan yaran suna zubar da tsohon mai a ƙasa a bayan garejin, abin da ke damuna ƙwarai idan na tuna damina tana wanke shi zuwa magudanar unguwa. Kuɗin aikinsa ma ya ɗara na wuraren da na tambaya a Sabon Gari, sai dai ban yi nadamar biya ba.

Maigidan garejin ya umarce ni da in guji gudu mai tsanani, in dawo a juye man bayan kilomita 1,000, kuma na cika umarnin. Yanzu wata huɗu ke nan ina zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna, fitilar mai tana mutuwa da zarar motar ta tashi da safe, kuma duk lokacin da na zaro sandar duba mai ina samunsa daidai inda na bar shi.