Sharhi kan farfesun zabon daji da miyar zomo da na saya a Daura

A watan Disamba, lokacin da sanyin hunturu ya kankama kuma mura ta kwantar da mahaifina har kwana 3, ya ce babu abin da ransa yake so sai farfesun zabon daji irin wanda mahaifiyarsa take dafawa a ƙauye. Wani maƙwabcinmu ne ya yi mini kwatancen wata dattijuwa a cikin tsohon garin Daura wadda take dafa naman daji a gidanta ga duk wanda ya ba da sautu, don haka na je na same ta, na ba da kuɗin zabo guda da kuma miyar kuka ta bandararren zomo tare da tuwon dawa.

Tambayar da na fara yi mata ita ce ta yanka, domin wannan ne yake hana mutane da yawa cin naman da ba su san asalinsa ba. Ta amsa mini ba tare da ɓacin rai ba, ta ce: "Ɗana, ba na saye sai a hannun mafarautan da na sani, waɗanda suke ambaton sunan Allah kafin su yi harbi, idan kuma suka iske dabbar da sauran rai su yanka ta." Ta ƙara da cewa daga ƙauyukan wajen Zango da Mai'adua ake kawo mata, kuma bayan kaka ne ake samu, sa'ad da aka kwashe amfanin gona ciyawa ta bushe. Naman ya yi wuya yanzu, kuma ban yi mamaki ba, tun da gonaki sun cinye mafi yawan dazuzzukanmu, dajin Rugu kuwa da aka sani da namun daji ya zama wurin da rashin tsaro ya hana talaka shiga.

Farfesun shi ne abin da ya fi burge ni. Zabon daji yana da duhun tsoka da tauri, ba shi da kitse kamar kazar gidan gona, saboda haka wanda bai iya ba yakan sauke shi yana jan haƙori. Ita a tukunyar ƙasa ta ɗora shi, a kan garwashin itace, ta bar shi yana dahuwa a hankali har naman ya fara sakin ƙashi da kansa. Da na buɗe kwanon a gida, ƙamshin citta da kanumfari da masoro da kimba ne ya fara tashi, sannan na daddawa, ga ɗan man shanu yana yawo a saman romon. Mahaifina, wanda ko kunu ba ya iya shanyewa a kwanakin nan, ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya shanye romon, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya ce rabonsa da wannan ɗanɗano tun yana saurayi.

Miyar zomon ta yi daɗi, hayaƙin banda ya ratsa kukar sosai, tuwon ma ya tuƙu babu gudaji, sai dai ba ta kai farfesun ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma wajibi ne in faɗa. Na tsinci ƙwayar harsashi guda 2 a cinyar zabon, da dattijo ne ya tauna su da an yi asarar haƙori, bayan kuma dalma guba ce da bai kamata ta dahu cikin abinci ba. Barkonon ya yi yawa ga maras lafiya duk da na roƙa a rage, kuma an ƙara mini kwana guda a kan alkawari saboda maharbin bai dawo da wuri ba. Kuɗin ya kusa ninka na farfesun kazar gida, amma a ganina wahalar nema da ta dahuwa sun cancanci haka.

Da na koma na nuna mata ƙwayoyin harsashin a tafin hannuna, ta ba da haƙuri, ta ce daga yanzu za ta riƙa tsaga naman tana dubawa kafin ta ɗora tukunya. Na sake ba ta sautun makwarwa 2 na ranar Juma'a mai zuwa, na kuma jaddada mata maganar barkono.