Yaya ga bayanin bindigar nan da ka gani a hoto

Salamu alaikum Yaya, ina gajiya, ya iyali, ya zafin Zariya. Na ga saƙonka da tambayoyi a jere, nawa na saye ta, wa ya ba ni izini, kuma me ma ya kai ni. Na ce bari in zauna in rubuta a tsanake don saƙon murya ba ya ɗaukar dogon bayani, in ka ga dama ka karanta wa su Kawu tunda na san maganar ta riga ta isa majalisar ƙofar gida.

Da farko dai ba irin fistol ɗin da kuke gani a ƙugun 'yan sanda ba ce. Ta iska ce, babu albarushi a cikinta ko ƙanƙani, wata 'yar silinda ce a ƙarƙashin hancinta ake ɗura wa iska, iskar ke tura 'yar ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5. Wasa ne kuma har a Olamfik ana yin sa. A tsaye kake, hannu ɗaya, ba jingina da komai, takardar saiti tana can nisan mita 10, kuma da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal. A manyan gasa harbi 60 ake yi cikin minti 75, mu a ƙananan gasar kulob 40 muke yi. In ka tuna mutumin Turkiyyan nan Yusuf Dikeç da hotonsa ya cika wayoyi lokacin Olamfik ɗin Faris a 2024, mai furfura, hannu cikin aljihu, to a wannan wasan ne suka ci azurfa shi da abokiyar wasansa. Mutane suka yi ta cewa gayu ne, alhali kusan kowa haka yake tsayawa, don kada ɗaya hannun ya riƙa lilo yana girgiza jiki.

Nan Jamus abin ba baƙo ba ne, da wuya ka shiga ƙauye ka rasa kulob ɗin maharba, babbar ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1861 aka kafa ta kuma membobinta sun haura miliyan ɗaya, hedikwatar wasan ta duniya ma a Munik take. Har Bundesliga suke da ita ta harbi, ba ta ƙwallo kaɗai ba. Namu kulob ɗin wani ɗan gini ne a bakin daji bayan gari, tsofaffi da matan aure da 'yan makaranta duk a layi ɗaya, yaro daga shekara 12 doka ta yarda ya harba ta iska in iyayensa sun sa hannu kuma akwai mai kula a tsaye a kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba wanda ya ce in sayi komai. Kulob yana da nasa bindigogi na aro, ka biya kuɗin shekara wanda a wurinmu bai kai Yuro 100 ba, ka sayi gwangwanin ƙwaya, shi ke nan ka yi ta harbi, kocin ma cewa ya yi kada in kuskura in kashe kuɗina sai hannuna ya zauna tukunna. Ka duba mu a Zariya, ga Depot ga makarantar soja ta NMS ga barikin Basawa, ga 'yan bindigar Sarki suna tayar da hayaƙi ranar hawan Sallah, garin da ya san bindiga tun kaka da kakanni, amma farar hula ba shi da inda zai je ya koyi saiti a matsayin wasa, kuma da halin da hanyoyinmu da ƙauyukanmu suka shiga ban ga laifin wanda gabansa ya faɗi da ya ga hoton ba.

To maganar kuɗi. Hawa uku ne. Akwai na ƙasa, Yuro ɗari da wani abu zuwa 'yan ɗaruruwa, irin waɗanda kake ɗana su da ƙarfin hannu kafin kowane harbi, suna da kyau don nishaɗi amma ka yi harbi 40 kana famfo hannunka zai gaji kafin a kai rabi, araha dai ba ta ado. Akwai na sama wanda 'yan Olamfik ke riƙewa, Steyr ta Ostiriya, Morini ta Suwizalan, Pardini ta Italiya, sai na nan gida Walther da ake yi a Ulm da Feinwerkbau da ke Oberndorf, garin da kamfanin da ya ƙera bindigar G3 yake, ka gaya wa Kawu wannan zai ji daɗi tunda ya riƙe ta a soja. Waɗannan sabuwa sai ka tanadi wajen Yuro dubu biyu, wata ma ta wuce. Ka buga da canjin yau ka ga abin da ya kama a naira, ni dai na daina bugawa don hawan jini. Sai na tsakiya, kusa da Yuro dubu ɗaya, a nan yawancinmu muke, kuma a nan ne ruɗanin yake don hanya biyu ce, ko ka sayi sabuwa wadda aka rage mata kayan alatu irin Hämmerli AP20, ko ka sayi tsohuwar babba ta hannu.

Abin da na fahimta bayan na harba na mutane da yawa, don a kulob kowa zai miƙo maka tasa ya ce gwada, shi ne duk waɗannan in ka ɗaure su a jikin ƙarfe suka harba da kansu kusan rami ɗaya za su yi ta bi. Bindigar ta fi mai ita iya saiti nesa ba kusa ba. Ƙarin kuɗin da kake biya a ta sama na abu uku ne, mariƙi, kunama, da wata na'ura a ciki da ke shanye ɗan zillon da take yi in ƙwaya ta fita. Na ukun nan ni a matakina ko babu shi ba zan gane ba. Kunama kuwa doka ta ce kada ta tashi da abin da bai kai nauyin giram 500 ba, kafin gasa alƙali zai ɗaga bindigar hanci sama ya rataya wani dunƙulen ƙarfe a jikin kunamar, in ta harba to ba ka shiga sai ka gyara. Mai kyau za ka ji ta zo ta tsaya a wani wuri, ka ƙara matsi kaɗan kaɗan sai ta tsinke ba tare da ka san lokacin ba, marar kyau kuma tana jan ƙafa tana ƙarƙar a yatsa. Akwai masu kunamar lantarki da batir, suna da daɗi, amma ni ɗan Tudun Wada ne ban yarda da abin da sai da wuta yake aiki ba.

Mariƙi shi ne komai Yaya. Kamar ɗinki ne, shadda komai tsadarta in tela bai auna ka ba ba za ta zauna ba. A shagon da na je mutumin ko maganar farashi bai fara ba, hannuna ya kama ya sa ma'auni ya auna faɗin tafin daga gaɓar manuniya zuwa ta ƙaramin yatsa, ya ce matsakaici ne amma yatsuna dogaye ne sai an tura kunama gaba. Ya ce in rufe ido in ɗaga bindiga in buɗe, in na buɗe na ga saitin gaba ya karkata hagu to ba ni ba ne, mariƙin ne bai dace ba. Ya kwance wani ɗan noti ya ɗaga katakon da gefen hannu ke zama a kai, ya juya mariƙin kaɗan, na sake rufe ido na ɗaga sai ga saiti a tsakiya cif. Sama da awa ɗaya muna wannan, ya kai ni ɗakin gwaji na bayan shago na harba kala uku, ƙarshe na ce zan yi tunani, ya ce ba komai ya ba ni katinsa. Ka kwatanta da Sabon Gari inda in ka sa an sauko maka da kaya daga sama ka ce za ka dawo sai an raka ka da harara har bakin titi, kuma a rasit an riga an buga cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Nan sabon kaya doka ta ba ka shekara 2 in ya zo da matsala, in ta intanet ka saya kuma kana da kwana 14 ka mayar ba sai ka faɗi dalili ba.

Amma kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Ba a tayi, abin da aka rubuta shi ne, in ka ce a rage sai a dube ka kamar ka yi saɓo. Ranar Lahadi ko'ina a rufe. Gyara kuma sai ka yi haƙuri, ɗan robar da ke riƙe iska in ya mutu sai an ba ka rana, ko a tura kamfani ka yi makonni kana jira, kuma kuɗin aikin ya ninka kuɗin robar sau ban san adadi ba. Wallahi na sha tuna masu gyaranmu na gida da za su buɗe abu a gabanka su gano ciwon su haɗa kafin ka gama shan lemo, hannu muna da shi, kayan aiki da tsari ne babu.

Ƙarshe dai ta hannu na saya, Steyr LP10, wurin wani dattijo a kulob da kafaɗarsa ta hana shi ci gaba. Dalilina shi ne da kuɗin sabuwa ta tsakiya na samu kunama da mariƙi na babba, kuma na san mai ita, na ga yadda yake goge ta yana mayarwa cikin akwati. Wanda ba shi da irin wannan dama ni sabuwar zan ce ya saya ya huta, tana da garanti, ba ta da nauyi, kuma za ta kai shi shekaru kafin ya fi ƙarfinta. Abin da ake dubawa a ta hannu shi ne kwanan watan da aka buga a jikin silinda, don shekara 10 ake ba ta, in ta wuce ba za a bar ka ka shiga gasa da ita ba ko da lafiyarta lau, iska ce mai matsin bar 200 ba abin wasa ba. Ta dattijon saura kaɗan ta ƙare, shi da kansa ya nuna min ya cire kuɗin sabuwar silinda daga farashin. Abu na biyu kuma, sai ka cika silindar ka ajiye kwana biyu ka ga ko allurar ma'auni ta sauka, in ta sauka tana yoyo. Ƙwaya kuma gwangwani ɗaya 500 ne a ciki, ta kamfanin RWS ko H&N, ba ta da tsada, wannan ne ma ya sa talaka ke iya wasan.

Maganar izini da ka tambaya, ta iska wadda ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba, wato ma'aunin ƙarfin harbi, kuma tana da tambarin F a jiki, duk wanda ya kai 18 zai iya saya ba lasisi. Amma ba a yawo da ita, daga gida zuwa kulob sai a cikin akwati a kulle kuma ba ƙwaya a ciki. Mai harsashi na gaske, wato .22 da ake harbawa a mita 25, wannan wata duniya ce daban. Sai ka shekara cur kana memba kana zuwa, ko sau ɗaya kowane wata ko sau 18 a shekarar, ka zauna jarrabawa, hukuma ta binciki tarihinka, ka sayi sef na ƙarfe, sannan a ba ka kati, kuma wanda bai shekara 5 a ƙasar ba suna iya hana shi. Jami'ai suna da damar zuwa gida su duba yadda ka ajiye. Wannan na ƙarshen bayan abin da ya faru a garin Winnenden na nan Jamus ne a 2009, yaro ɗan shekara 17 ya ɗauki fistol ɗin mahaifinsa da ba a kulle ba ya kashe mutum 15, uban kuma ɗan kulob ne. Har yau in aka ambaci garin a wurinmu sai ka ga tsofaffin sun sunkuyar da kai. Ni ban ma nema ba, ta iskar ta ishe ni, makina bai kai inda zan ce bindiga ce ke riƙe ni ba.

Shi kuma Auta da ya turo min wai in taho masa da irinta in zan zo hutu, ka ce masa ya cire rai. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa, ta iskar ma sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ba zan je in kwana a hannun kwastan a filin jirgin Kano saboda shi ba. In da gaske yake son wasan ya cika gorar ruwa ta lita ɗaya, ya tsaya a gefe ya miƙe hannu ya riƙe ta rabin minti ya sauke, ya yi ta maimaitawa kullum, mu ma nan da irin wannan riƙon ake fara mu. Kuɗin makarantar yara kuma za su shigo ƙarshen wata in sha Allah, ka duba asusunka na banki ba na waya ba.