Gidan masar Hajiya a Farin Gada: abinci ya yi, amma a ja wa yaron shago kunne

Masar wajen Hajiyar nan ta kusa da kasuwar Farin Gada ba magana, laushi kamar auduga, ga miyar taushe ta ji kabewa da gyaɗa, kuma da sassafe lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi za ka samu kunun gyaɗa da zafinsa. Har gwaten acca suna yi, shi ya sa za ka tarar da Birom da ɗaliban Unijos da direbobin da suka sauke tumatir da kabeji duk a benci ɗaya. Farashi daidai talaka.

Matsalata da wajen ita ce sunayen da ake kiran kwastomomi da su. Hajiya Bafulatana ce, in wani dattijo Babarbare mai turare ya shigo sai ka ji ta ce ga bawana ya zo cin bashi, shi ma ya rama, kowa ya kwashe da dariya. Wannan ban ga laifinsa ba wallahi, wasan barkwanci ne da muka gada irin na Kanawa da Zage-zagi ko Gobirawa da Yarabawa, sun san juna shekara da shekaru kuma kowa na da bakin ramawa. To amma yaron da ke kai faranti ya ɗauka shi ma an ba shi lasisi, sai ka ji ya ɗaga murya "kai wa Inyamurin can shayi" ko "arniyar nan ta biya kuwa?" alhali bai taɓa ganinsu ba, ya manta a Jos kusan kowa na jin Hausa. A gabana wata mata ta ajiye cokali ta biya kuɗinta ta fice, ko rabi ba ta ci ba, abin ya tsaya min a rai.

Garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 har unguwanni suka rabu, ba wajen da za a riƙa jifan baƙo da irin wannan kalma ba ne, mu kanmu mun san yadda zuciya ke tafasa in an ce mana aboki a Legas da muryar raini.

Hajiya don Allah ki zaunar da shi, madam da oga da baba sun wadatar. Maki uku cikin biyar na ba su. Mai son masa ya je kafin ƙarfe goma, tana ƙarewa da wuri.