Wasan Waje ko Ƙungiyar Wasanni: Wanne Zai Raba Yaro da Waya?

Iyaye sun sha tambayar wanne ya fi.

Wasan waje kyauta ne, kuma kullum ana iya yin sa, shi ya sa ya fi sauƙin cika minti 60 na motsa jiki a kowace rana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Amma dole babba ya sa ido, musamman kusa da titi ko ruwa, kuma in babu abokan wasa, yaro zai koma kan waya.

Ƙungiya na cin kuɗi da zirga-zirga, ga shi ba kullum ba, sai dai koci da abokai kan riƙe yaro shekaru.

Ƙanana masu fili kusa, wasan waje ya ishe su. Matashin da waya ta riga ta kama, ƙungiya ta fi masa.