Dutsen Olumo ya burge Inna, masu motar kuwa sun ɓata mana rai

Ranar Asabar da ta gabata na kai mahaifiyata Dutsen Olumo da ke Abeokuta, ta hannun wani kamfanin shirya yawon buɗe ido da ke ɗaukar mutane daga Agege ya dawo da su a yini guda. Inna ta zo daga Kano ne ganin jikoki, kuma da na lura ta gaji da zaman ɗaki da ƙarar janareta, sai na ga ya kamata ta ga wani abu ban da cunkoson Legas. Ban sa rai da wani abin mamaki ba, domin wanda ya tashi yana kallon Dala da Gwauron Dutse ba kowane dutse ne zai ɗaga masa hankali ba.

A tsakiyar hawa ra'ayina ya sauya. Tsayin dutsen mita 137 ne, kuma da na ce mu nemi lif, Inna ta ce ƙafafunta ba su mutu ba tukuna. Muka bi matakala har zuwa kogon da Egbawa, wani reshe na Yarabawa, suka ɓuya a cikinsa wajen shekarar 1830, lokacin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan rushewar daular Oyo. Rufin kogon ƙasa-ƙasa yake, sai mutum ya sunkuya kafin ya shiga. Jagoranmu, wani saurayi Bayarabe da ya ce a Sabo ya tsinci Hausarsa, ya nuna mana wasu ramuka a jikin dutsen inda matan wancan zamani suke niƙa barkono da kayan miya. Inna ta durƙusa, ta zura tafin hannunta cikin ɗaya, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ɗago ta ce, "Kai, zo ka taɓa. Wannan santsin ba aikin shekara ɗaya ba ne, haka dutsen niƙan kakata yake." Daga nan ta kama yaron da tambayoyi, ina suke samun ruwa, ina suke kwantar da jarirai, shi kuma yana amsawa da "Mama" a bakinsa ba tare da ƙosawa ba. A nan ya gaya mata cewa ma'anar Abeokuta ita ce ƙarƙashin dutse. Da muka zo wurin tsafinsu ya yi bayani a taƙaice, bai matsa mana mu matsa kusa ba, kuma na yaba masa da wannan. Daga ƙololuwa muka hango kogin Ogun da jajayen rufin kwano na tsohon gari. A lokacin da a ce an tambaye ni, da na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai dai da na zauna rubuta wannan sharhi, haushin kamfanin ya dawo mini sabo. An ce mu hallara ƙarfe bakwai, motar ba ta iso ba sai tara saura, kuma saboda wannan jinkiri muka faɗa cikin cunkoson Sango Ota da rana tsaka, dattijuwa tana fifita da gefen mayafinta. Tun kafin in biya kuɗi na tambayi batun tsayawa sallar Azahar, aka tabbatar mini cewa yana cikin tsari, amma da lokaci ya yi direban ya nuna bai san da maganar ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kasuwar Itoku, wadda ke daf da dutsen, inda ake rinin adire, wato rinannen yadin Yarabawa. Inna, wadda ta san marinar Ƙofar Mata tun tana yarinya, ta so ta tsaya ta gwada rininsu da namu, amma minti goma sha biyar aka ba mu, direban yana ta danna ham, ta ɗauki turmi ɗaya ba ta ko warware shi ba.

Ta riga ta ce sai mun koma kafin ta tafi gida. Wannan karon jirgin ƙasa za mu shiga daga tashar Agege, mu sauka a Abeokuta, mu fara da Itoku.