Gwajin sawun CoreSight a cikin perf: sharhin wanda ke aiki da shi

Aikina shi ne kula da kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'ura, da muke ɗorawa a kan allunan Arm masu bit 64, kuma duk sabuntawar da muka yi, a wuyana yake in tabbatar kayan auna saurin manhaja ba su lalace ba. Wanda ya fi ba ni wuya a cikinsu shi ne sawun furosesa, shi ya sa na rungumi gwaje-gwajen CoreSight, fasahar Arm ta ɗaukar wannan sawu, da ke zuwa tare da perf, kayan auna manhaja na Linux. Zan ba kowa shawarar ya yi amfani da su, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Perf ya shigo Linux a 2009, a siga ta 2.6.31. Aikinsa na yau da kullum leƙe ne: lokaci zuwa lokaci ya duba inda furosesa take, ya rubuta, daga baya ya lissafa inda lokaci ya fi tafiya. Sawu ba haka yake ba. A furosesar Arm akwai wani sashe, ETM, da ke bin manhaja taku bayan taku. Duk mararrabar da ta iso, zai ajiye alama ɗaya, E idan ta bi reshen, N idan ta wuce. Alamomin suna kwarara zuwa ma'ajiya, ko dai ETF, ƙaramar da ke cikin guntun kansa, ko ETR mai zubawa a babbar ƙwaƙwalwar na'ura. Perf ya kwashe su, ɗakin karatun OpenCSD (wato tarin shiryayyun umarnai da wasu manhajoji ke ara) ya warware su ta hanyar haɗa su da ainihin fayil ɗin manhajar, sai ga hanyar da aka bi gaba ɗayanta.

Matsalar ita ce wannan tsari ba ya ihu idan ya lalace. Ka ba da umarnin perf record -e cs_etm//u, ya gama lafiya, fayil ya fito, rahoto ya buɗe da jadawali mai kyan gani. Alhali wataƙila ma'ajiyar ta cika an rubuta sabo a kan tsoho kafin a kwashe, ko wata cibiyar furosesa ɗaya ba ta aiko komai ba. Kamar buhun gero ne mai huda a gindi, daga sama a ɗaure yake tsaf. Injiniya zai ɗauki wannan rahoto ya kwana yana gyaran wurin da ba shi ne matsalar ba. Wannan ne yake tayar mini da hankali, domin awon da ya yi ƙarya ya fi rashin awo cutarwa.

Gwaje-gwajen kashi biyu ne a sigar da nake aiki da ita. Na farko, test_arm_coresight.sh, wanda Leo Yan ya rubuta a 2020, yana ɗaukar sawun wani ɗan ƙaramin umarni, ya bi cibiyoyin furosesa da ma'ajiyoyin da ke haɗe da su ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko perf script da perf report sun fitar da rassa. Yana kuma gwada ɗaukar na'ura gaba ɗaya da ɗaukar hoton sawu na ɗan lokaci. Yana da amfani, amma tambayarsa ɗaya ce: an samu wani abu ko ba a samu ba?

Kashi na biyu ne ya saye ni. Carsten Haitzler ya shigar da shi a 2022, kuma ya zo da ƙananan manhajoji da aka rubuta don gwajin kawai: asm_pure_loop, madauki zalla da harshen na'ura ba tare da wani ɗakin karatu ba, memcpy_thread mai kwafar bayanai da zaruruwa da yawa (zare shi ne layin aiki guda a cikin manhaja), unroll_loop_thread mai doguwar jerin umarni, da thread_loop. Hikimar a fili take. Idan ka san abin da manhaja za ta yi tun kafin ta tashi, ka san irin sawun da ya kamata ta bari. Bayan ɗauka, gwajin yakan zazzage ɗanyen bayanan ya ƙirga ƙunshi, wato ƙananan ɗaurin bayanai da ETM ke fitarwa, iri uku, I_ATOM_F mai ɗauke da alamomin rassa, I_ASYNC da mai warwarewa ke kama bakin zare da shi, da I_TRACE_INFO. Idan adadin bai kai ƙa'idar da aka sa ba, ya faɗi. Shi kuwa thread_loop yana duba ko lambar kowane zare ta bayyana a cikin sawun, abin da ya dogara ga kenel yana rubuta lambar aiki a rajistar CONTEXTIDR. Da wannan na gane cewa wani saitin kenel da aka miƙo mana ya kashe CONFIG_PID_IN_CONTEXTIDR, kuma da ido kawai da wuya in lura.

Abin da na fi so duka shi ne kowane zagaye yana ƙara layi a fayil ɗin CSV, wato fayil mai jadawalin alƙaluma, da adadin da aka samu, da mafi ƙarancin da ake bukata, da rana da lokaci. Na saita PERF_TEST_CORESIGHT_STATDIR zuwa wurin da ba a sharewa, na sa gwajin yana gudana kowane dare. Adadin yana hawa da sauka sosai daga zagaye zuwa zagaye, takardun kenel ma sun faɗi haka, don haka sakamakon dare ɗaya ba hujja ba ne. Amma idan ka jera na makonni ka zana, ranar da wani gyara ya fara zubar da sawu za ta fito ƙarara.

Yanzu ga sharaɗin. Sakamakon perf test iri uku ne, Ok, FAILED da Skip, kuma na ukun nan shi ne abin tsoro. Idan ba a gina perf da CORESIGHT=1 ba, ko OpenCSD ba ya nan, ko bayanin kayan allon bai ambaci sassan CoreSight ba, gwajin zai tsallake ne kawai, babu ja ko ɗaya a allo. Mun taɓa karɓar allo daga wani mai sayarwa a wannan hali, guntun yana da ETM amma kenel bai san da shi ba. Tun daga nan na rubuta a tsarinmu cewa tsallakewa a gwajin CoreSight faɗuwa ce.

Sharaɗi na biyu, ƙa'idar mafi ƙarancin ƙunshi tana ƙasa ƙwarai, da gangan, don gwajin ya yi aiki a kan kowace irin na'ura. Sawun da ya rasa kaso mai yawa zai iya wucewa da Ok. Kuma ƙirga ƙunshi ba ya tabbatar da cewa hanyar da aka warware ita ce manhajar ta bi. Ina fatan ganin ranar da za a riƙa kwatanta yawan zagayen madauki da abin da mai warwarewa ya fitar, tunda asm_pure_loop ya dace da hakan. Kafin nan, na sa tawa ƙa'idar a kan fayilolin CSV, gwargwadon abin da allunanmu suka saba bayarwa.

Masu kwamfutar Intel suna da nasu, test_intel_pt.sh, da gwajin mai warware ƙunshin Intel PT, fasahar Intel ta ɗaukar sawu. Duk wanda zai fara, ya gina perf daga tushen kenel ɗin da yake gudanarwa, ya ba da perf test -v coresight, ya karanta dalilin kowace tsallakewa kafin ya saka gwajin a aikin dare.