Gargaɗi ga 'yan mota na Sakkwato: naira dubu 675 na biya, tayoyin bola aka kawo min

Jama'a, duk mai harkar mota a garin nan ya buɗe kunne. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp da Facebook yana tallar tayoyin tsere, wai sababbi dal a leda. Ɓarawo ne. Ya ci min naira dubu 675. Ba zan sa sunansa yanzu ba saboda maganar tana hannun 'yan sanda kuma an ce in ɗan dakata, amma hotunan hirarmu, da rasit ɗin tiransifa, da duk saƙonnin muryarsa suna cikin wayata, kuma wallahi sai na ɗora su. Dubu 675. Dubu 640 kuɗin taya huɗu, dubu 35 kuma wai kuɗin hanya.

Tun jiya wasu suka fara yi min wa'azi, wai araha ba ta ado, wai ya mutum kamata zai tura kuɗi bai ga kaya ba. To wa ya ce muku ban ga kaya ba? Na gani. Na taɓa da hannuna. Na durƙusa na karanta jikin tayar baƙi bayan baƙi. Ba yau na fara riƙe sifana ba, kuma duk wanda ya san motata BMW E36 ya san ba na sa mata tarkace.

Abin da nake nema ba tayar zuwa ofis ba ce, ba kuma tayar wasan mota ta ranar ɗaurin aure ba, wadda yara ke ƙonawa a shataletale har hayaƙi ya rufe titi. Wannan ko wace suɗaɗɗiya ka sa za ta yi, tunda zamewa ake so. Mu shiri muke na zuwa filin tsere da ke jihar Edo, inda mutum zai shiga da motarsa ya zagaya a killataccen wuri. A can riƙo ake nema. Tayar gida in ka matsa mata a kwana zagaye kaɗan take ɗauka ta yi zafi ta fara santsi, gefenta ya lanƙwashe. Tayar fili robarta ta fi laushi, gefenta ya fi tauri, zanenta kaɗan ne don roba mai yawa ta taɓa kwalta. Akwai lamba a jiki, TREADWEAR, wadda in ta yi ƙasa yawanci tayar ta fi kama ƙasa kuma ta fi saurin cinyewa. Tayar gida za ka ga 400 ko sama da haka. Ni mai 200 nake so, 225/45 R17, daidai wilina.

Mun haɗu da shi a wajen mai shayi a Gawon Nama dab da magariba. Ya buɗe but ɗin motarsa, ga taya ɗaya kwance, Bridgestone Potenza RE-71RS. Ta gaske. Har yau ina rantsuwa wannan ɗayar ta gaske ce. 94W a jiki, wato kowace taya tana ɗaukar kilo 670, kuma W na nufin an yi ta don gudun da ya kai kilomita 270 a awa. Na nemi lambar DOT, wadda ke nuna lokacin da aka yi tayar, na ga 1424 a ƙarshe, sati na 14 na 2024. Na danna farce a robar, ta lotsa ta dawo. Ƙananan gashin nan na sabuwar taya duk suna nan.

Amma ba ma wannan ne ya kama ni ba. Na tambaye shi Toyo R888R, don a hotunan da ya sa a guruf akwai ta, kuma ta fi tsada a yadda ya rubuta. Sai ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, in kuɗɗinka nika so, waccan zan ba ka. Amma ba ta yi maka." Ya ce waccan lambarta 100 ce, in har da ƙafarta motar za ta tafi daga Sakkwato zuwa Edo, to na cinye rabin kuɗina a hanya, kuma in ruwan kudu ya tare ni zan raina kaina. Ya ce in ɗauki mai 200. Gaskiya ya faɗa! Abin da ke ci min rai ke nan. Mutum ya hana ka sayen mai tsada ya tura ka ga mai sauƙi, ka ce min a nan za ka zarge shi? "In kuɗɗinka nika so, waccan zan ba ka." Tun ranar maganar nan take dawo min, ko ina cin abinci.

Har iska ya yi min bayani. Ya ce kada in cika ta da safe kamar ta gida, in rage kaɗan, in yi zagaye in fito in auna da zafinta, domin iska na ƙaruwa in taya ta ɗauki zafi. Haka ne. Duk wanda ya taɓa shiga fili ya san haka ne. Ana cikin haka aka kira salla, shi ya fara cewa mu je mu yi tukuna, kasuwanci ba ya gudu. Kafaɗa da kafaɗa muka tsaya a sahu.

Na tsallake wani abu. Kafin haɗuwar ma, da na fara yi masa magana, wani a guruf ya rubuta cewa ya saya a wajensa kuma kaya sun yi kyau. Yanzu da na koma na duba, lambar ta fita daga guruf ɗin a daren da shi ma ya fita. Ku haɗa da kanku.

Maganar araha kuwa, dubu 160 kowace ɗaya. E, ta yi sauƙi. Na tambaya, ba wai na yi shiru ba. Ya ce wani ne a Abuja ya yi oda sannan ya sayar da motar, shi kuma kuɗinsa sun maƙale yana so ya fita. Ya ce sauran ukun suna tahowa ta Illela, wai tun juyin mulkin Nijar na 2023 hanyar kaya ta rikice, ba a iya kawo su gaba ɗaya. Wa zai musa wannan a Sakkwato? Kowa ya san abin da rufe iyakar ya yi wa 'yan kasuwa. Na ce to bar min wannan ɗayar in tafi da ita. Ya ce a'a, gara ya haɗa min huɗun a naɗe lokaci guda, kuma akwai wani a Mabera da zai nuna wa samfur. Na tura dubu 400 a nan take. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, na nuna masa, ya ce, "Na ƙanena na, shi ka riƙe muna kuɗɗin shago." Rabin 'yan kasuwar garin nan haka suke yi, kada wani ya zo yana ce min alama ce.

Dubu 240 ɗin na cika ne da ya turo bidiyon tayoyi huɗu a jere ana ɗaure su. A'a, dubu 35 ɗin ne suka biyo bayan bidiyon. Cikon na riga na tura shi tun da ya ce direba ba zai ɗauka ba sai an biya duka. Sai kuma ya kira da dare yana haki, wai an tsare motar a hanya, in ba a ba da dubu 35 ba kayan za su kwana a can, ƙila ma a sauke su. Mutumin da ya riga ya zuba dubu 640 zai tsaya jayayya a kan dubu 35? Na tura. Duk yana cikin rasit, za ku gani da lokaci da komai.

Wani yaron mota ne ya miƙo min su a babbar tasha bayan isha'i, naɗe da leda mai sheƙi tun daga sama har ƙasa, suna ƙamshin man goge taya. Shi bai zo ba, wai yana Illela. Da safe na kai su Buzaye wajen Baba mai faci da ke yi min aiki tun ina tuƙa motar gidanmu. Ya yanke ledar farko, ya juya tayar, ya yi shiru. Ya yanke ta biyu. Sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, nawa kas sayi wagga?" Ban amsa ba. Ya ce, "Zo diba."

Biyu daga ciki tayoyin fili ne, amma RE-71R, babu S a ƙarshe, tsohon samfurin da ya fito tun 2015. Wurin kwanan watan an manna wata 'yar roba mai 1424, an shafe gefenta da baƙin gam. Baba ya ɗiga fetur ya sa farce, ta ɓanɓaro. A ƙasa 3817. Sati na 38 na 2017. Kusan shekara bakwai ya goge da gam. Robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, farce ba ya shiga, ga ƙananan tsaga a gindin zanen. Irin wannan taya duk zafin da ta ɗauka ta huce tana ƙara tauri, ko da zane ya rage riƙon ya tafi, kuma waɗannan an gama cinye su a wani fili a ƙasar waje kafin a jefar. Zanen ma ba nata ba ne. Baba ya nuna min bakin ramin, ya ce da wuƙa mai zafi aka sake yanka shi, layin ba ya tafiya daidai, a wuri ɗaya har waya ta fara leƙowa. Tayar babbar mota ce ake sake wa zane, ita ma sai wadda kamfani ya rubuta a jiki cewa an yarda. Ta ƙaramar mota ba ta da naman da za a yanka. Kuma a nan wayon nasa yake: ya san mai neman tayar fili ba ya tsammanin zane mai zurfi, don dama haka take zuwa. Ya ma faɗa min tun a wajen mai shayi, kada in ga zanen ba zurfi in tsorata.

Sauran biyun ko kunya babu. Tayoyin ƙanƙara ne na Turai. Zanen cike da ƙananan yanka-yanka, ga M+S, alamar tayar taɓo da ƙanƙara, ga wurin da aka kankare hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, amma inuwarsa na nan. Irin waɗannan an yi su ne don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. A Sakkwato, inda a watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta. Harafinsu H ne, kilomita 210, ba W ba. Ku yi tunanin na sa busassun nan a baya da na ƙanƙara a gaba, a motar da ke ja da baya, na taka birki daga gudu na shiga kwana. Ko ma a bar fili, hanyar Gusau kawai da rana tsaka. Kamfanin tayar ba ruwansa, sun yi abinsu da kyau a zamaninsa. Wannan mutumin ne ya kwaso bola ya yi mata wanka ya karɓi dubu 675.

Ina tsaye a wajen Baba na kira shi, waya a kashe. WhatsApp ya toshe ni. Shafinsa na Facebook ya ɓace. Na je shagon da ya kwatanta min kusa da babbar kasuwa, mai katifa na tarar, bai taɓa jin sunan ba. Mutane na ta kallona ina nuna hoto a waya. Abokan tafiyar Edo kuwa sai da na yi kwanaki ina ce musu tayoyin ba su iso ba.

Kuma kada wanda ya ce ni kaɗai ne. Tun da na fara maganar a guruf, mutum biyu suka biyo ni ta gefe, ɗaya daga Birnin Kebbi, ɗaya daga Gusau. Taya ɗaya ya nuna mana mu duka. Akwai ɗan ɗigon fenti ruwan ɗorawa kusa da harafin P, a hotona yana nan, a nasu yana nan. Da taya ɗaya tak yake cin kasuwa. Na Gusau ma ita wannan magana ya yi masa, in kuɗinka nake so waccan zan ba ka. Ashe haddace ta ya yi.

Shawara, ga mai so. Kada ka biya sai huɗun suna gabanka a kwance ba leda, da rana, a wajen mai facinka. Karanta lambobi huɗun ƙarshe na DOT a kowace ɗaya ka sa farce a kai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ƙirga wa taya daga ranar da aka yi ta. Tsohuwar tayar ƙaramar mota kuma tana cikin kayan da aka haramta shigowa da su ƙasar nan, don haka mai ce maka "'yar Baljiyam ce mai kyau" ya san abin da yake sayarwa. Shi ke nan.

Dubu 675. Kuɗin da na tara ina hana kaina abubuwa, na ɗage gyaran giya don su. Ɗazu wani direban haya ya gan su jingine a wajen Baba ya ce zai ba ni dubu 15 kowace, ya sa a motar da yake ɗaukar mutane zuwa Tambuwal. Na ce ko kyauta ba zai ɗauka ba. Suna nan a matsayin shaida, in an gama Baba zai farke gefensu da wuƙa a gabana. Banki na kai ƙorafi a rubuce, na ba 'yan sanda lambar asusun. Da zarar sun ce in saki, hotunan da muryar duk za su hau nan. Wanda aka taɓa nuna wa taya mai ɗigon fenti kusa da P a but ɗin wata farar mota, ya yi min magana ta gefe da rasit ɗinsa, ana buƙatar mu da yawa.